Daga wasiƙar fada zuwa ƙunshin darasi: tarihin koyar da rubutun wasiƙar hukuma a makarantun firamare na Nijar

0. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zuwa neman takarda a ma'aikatar magajin gari ko gidan shari'a, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai, ya san mutanen nan da ke zama cikin inuwa a bakin ƙofa, kowa da ɗan teburinsa da fararen takardu da alƙalami. Sana'arsu ita ce rubuta wa jama'a wasiƙar roƙo, wadda ake kira « demande » da Faransanci. Mutum ya zauna ya faɗi abin da ke tafe da shi da Hausa, marubuci ya juya maganar zuwa Faransanci, a manna tambur, a biya. Cikin masu jiran layi akwai waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Amma akwai kuma waɗanda suka yi shekara 6 cur a makarantar firamare, suna iya karanta allon da ke saman ƙofar, sai dai ba su amince wa hannunsu ya rubuta wa hukuma layi goma ba.

Wannan rukuni na biyu shi ne dalilin wannan ƙasida. Mutumin da ba ya iya rubuta wa hukuma da kansa yana asarar abu uku: kuɗinsa, da sirrinsa, da ikon tabbatar da cewa abin da ya faɗa shi aka rubuta. A yau ana yawan maganar koyar da yara rubutun wasiƙa ta hanyar ƙunshin darasi, watau abin da masana tarbiyya ke kira « module »: jerin gajerun darussa da aka ɗaure wuri guda, kowane da manufarsa da aikinsa da gwajinsa. Mu a ganinmu, kafin a zauna shirya irin wannan ƙunshi, ya kamata a san inda wasiƙar hukuma ta fito a ƙasar nan, da yadda aka koyar da ita a da, da inda zaren ya tsinke. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, Hausa tana da ƙashin bayan wasiƙa tun kafin zuwan Nasara, makarantar boko ta ajiye shi gefe guda, kuma ƙunshin darasin da bai ɗora gininsa a kan wannan tushe ba zai sake komawa hadda ne kawai.

1. Wasiƙa a zamanin sarakuna

Kalmar « wasiƙa » ararriya ce daga Larabci, daga « wathiƙa », wadda ma'anarta ta asali ita ce takardar da ake dogara da ita, takardar shaida. Tun daga sunan ke nan ana iya gane cewa abin ya shigo ƙasar Hausa ta ƙofar mulki da shari'a da fatauci. Ɗaya daga cikin rubuce-rubucen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na farkon jihadi ma da wannan suna aka san shi, watau Wathiƙat ahl al-Sudan.

A ƙarni na 19 wasiƙa ita ce igiyar da ta ɗaure manyan dauloli na wannan yanki. Sanannen misali shi ne musayar wasiƙu tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno a kan halaccin yaƙin da ake yi, wadda Bello ya shigar da wani sashe nata cikin littafinsa Infaƙ al-Maisur na 1812. A 1824 Bello ya ba Clapperton wasiƙa zuwa ga sarkin Ingila. A 1850, da Barth ya ziyarci Agadas, Sarkin Abzin Abdulƙadiri ya ba shi takardu zuwa ga sarakunan ƙasar Hausa don su karɓe shi. Sa'an nan a 1903, da Ingilishi suka ci Sakkwato, sun tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, waɗanda Backwell ya fassara ya buga a 1927. Wanda ya duba irin waɗannan takardu zai ga tsarinsu kusan ɗaya ne: a fara da sunan Allah da salati, a ambaci mai aikowa da wanda aka aika wa, kowa da laƙabin da ya dace da matsayinsa, a yi gaisuwa, sa'an nan a sa kalmar da ke raba gaisuwa da magana, a faɗi buƙata a taƙaice, a rufe da sallama. Wasiƙar sarki kuma tana ɗauke da hatimi.

Dole ne mu faɗi gaskiya a nan: da Larabci ake rubuta waɗannan wasiƙu. Talaka ba ya karanta su. Manzo ne ke kai takarda, malamin fada ya karanta ya fassara a gaban sarki. Ashe ke nan ratar da ke tsakanin harshen takarda da harshen jama'a ta girmi mulkin mallaka. Sai dai akwai bambanci guda mai muhimmanci. Malaman da ke rubuta wasiƙar fada su ne malaman zaure, almajiransu kuma su ne ke rubuta wa fatake da sauran jama'a takardu da ajami. Ta wannan hanya tsarin ya gangaro cikin Hausa. « Bayan haka » da muke faɗa fassara ce ta « amma ba'adu ». « Haza wasalam » da tsofaffi ke rufe takarda da shi Larabci ne da ya zauna a bakin Bahaushe. Haka nan « takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane ». Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san waɗannan kalmomi ko da bai taɓa riƙe alƙalami ba.

Rubutun wasiƙa kuwa fanni ne da ake koyarwa. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce littafin Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya yi karatu a Kabi da Gobir, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete-Krachi ta ƙasar Gana a 1934. A 1877, yana saurayi ɗan kimanin shekara 20, ya wallafa al-Sarha al-wariƙa fi ilm al-wathiƙa, littafin da ya tattara ƙa'idoji da samfurorin wasiƙa don mai koyo. Hanyar koyarwar ita ce a ba ɗalibi samfuri, ya kwafa, ya gane gaɓoɓinsa, sa'an nan ya sauya abin da ya kamata a sauya gwargwadon matsayin wanda zai rubuta wa. In muka cire sunan zamani, wannan bai yi nisa da abin da ake nufi da ƙunshin darasi ba.

2. Makarantar Nasara da wasiƙar kumandan

Faransawa sun shiga Damagaram a 1899. Zinder ta zama hedkwatar yankin daga 1911 har 1926, lokacin da aka mai da mulki Yamai. Daga nan wata sabuwar takarda ta bayyana, takardar ofishin kumandan, kuma wani sabon mutum ya tsaya tsakanin talaka da hukuma, watau tafinta. Makarantun farko an buɗe su ne musamman don samar da irin waɗannan ma'aikata: tafintoci, da akawuna, da masu aikin gidan waya, da malaman makaranta. Waɗanda suka fi hazaƙa a kan tura su makarantar William Ponty a Senegal.

Dokar gwamna-janar Carde ta ranar 1 ga Mayu 1924 ta tsai da cewa Faransanci kaɗai za a yi amfani da shi a makarantun Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa. Taron Brazzaville na 1944 ya sake jaddada haka. Yaron da aka kama yana Hausa a harabar makaranta a kan rataya masa « symbole », ya yini da shi yana neman wanda zai miƙa wa. A cikin irin wannan aji, inda ake koyon karatu da littafin Mamadou et Bineta na Davesne, babu ta inda « bayan gaisuwa » zai shigo. Wasiƙa ta zama wani reshe na darasin insha'i na manyan azuzuwa. Malami ya rubuta samfuri a allo, yara su kwafa, su haddace jimlar buɗewa da jimlar rufewa.

Ya kamata mu dubi waɗannan jimloli da idon mai nazarin harshe. Wasiƙar roƙo ta Faransanci tana farawa da « j'ai l'honneur de solliciter de votre haute bienveillance », ta ƙare da « veuillez agréer » da abin da ke biye. Kalmomi ne da ba a jin su a bakin kowa, ko a Faransa. Yaron da Faransanci ne harshensa na gida ma sai an yi masa bayani, balle ɗan Tasawa da ya fara jin harshen yana da shekara 7. Sakamakon shi ne, yaro yana riƙe kan wasiƙa da wutsiyarta, amma cikinta, inda zai faɗi ko shi wane ne da abin da yake so da dalilinsa, nan ne yake tsayawa cik. Marubucin bakin ƙofa ba wani sirri ya riƙe ba illa wannan ciki.

A ƙetaren iyaka abin ya bi wata hanya dabam. Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Kano a 1909 da Hausa cikin haruffan boko. Hukumomin gargajiya na Arewacin Nijeriya sun yi ta aiki da takardun Hausa, kuma da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, wasiƙun masu karatu zuwa ga edita Abubakar Imam sun zama wata makaranta ta kansu. Ba muna cewa mulkin Ingilishi ya fi na Faransa adalci ba ne. Abin da misalin ke nunawa kawai shi ne, Hausa ta iya ɗaukar wasiƙar hukuma a duk inda aka sami ofishin da zai karɓe ta.

3. Bayan 1960: ƙofofin da aka buɗe rabi

Lokacin da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, yaran da ke makaranta ba su kai kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba. Tsarin mulki ya bar Faransanci a matsayin harshen hukuma. A 1964 Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, ya buga littafinsa L'Éducation en Afrique, inda ya yi kira a koyar da yara da harsunansu. Taron UNESCO na Bamako a 1966 ya tsai da haruffan rubuta Hausa da wasu harsuna na yankin. Ma'aikatar yaƙi da jahilci ta fitar da ƙananan jaridu na karkara irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii, waɗanda sunansu ma ya nuna ƙa'idar wancan zamani ta ninka wasali mai tsawo. Manoman da suka koyi karatu a azuzuwan dare sun fara rubutu da harshensu. Haka kuma gidajen rediyo, daga Muryar Sahel har sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, sun sha karɓar wasiƙun gaisuwa da na tambaya. Duk wannan ya raya wasiƙar zumunci da wasiƙar ra'ayi. Wasiƙar hukuma ita kam ta tsaya inda take.

A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Zinder, inda ake fara karatu da Hausa. Daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci, har makarantun suka kai wajen 40. Cibiyar INDRAP, wadda aka kafa a 1974, ita ce ta ɗauki nauyin shirya littattafai da takardun jagoran malami. An daidaita ƙa'idar rubutun Hausa da dokar 1981, aka sake gyara ta a 1999. Dokar ilimi ta ranar 1 ga Yuni 1998 ta tanadi cewa harshen uwa ne harshen koyarwa a matakin farko, Faransanci kuma darasi ne tun daga shekarar farko. Dokar 2001 ta jera harsunan ƙasa guda 10. Binciken Mart Hovens da aka buga a 2002 ya nuna cewa yaran da suka fara karatu da harshensu sun fi takwarorinsu iya karatu, har da na Faransancin kansa.

To, me ya hana wasiƙar hukuma ta Hausa shiga aji a wannan tsawon lokaci? Amsar ba a cikin aji take ba. Malami ba ya ɓata mako biyu a kan takardar da ya san babu teburin da za a ajiye ta. Uba ma ba ya ganin amfanin darasin. Muddin ofis da jarrabawa Faransanci suke ji, Hausa za ta tsaya a kan tatsuniya da karin magana da lissafin farko, a sauke ta a bakin aji huɗu kamar yadda ake sauke jaki a bakin gulbi.

Mu da muka yi firamare a ƙarshen shekarun 1980 mun ga wannan da idonmu. A ƙauye, ɗan aji shida shi ne akawun unguwa. Tsohuwa za ta kira mu ta ce, « Zo, ɗana, ka rubuta wa wanka takarda », watau wanda ya tafi ci-rani Legas ko Abijan. Ta fara da gaisuwa, ta lissafa mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi halin damina da farashin hatsi, sai can ƙarshe ta kawo maganar kuɗi. Mu kuwa muna ta fama mu cusa wannan duka cikin ɗan Faransancin da muke da shi, domin ba a taɓa gaya mana ana iya rubuta shi yadda ta faɗa ba. Tsohuwar ta san tsarin wasiƙa sarai. Mu muke da alƙalami, amma a wajenta tsarin yake, kuma makaranta ba ta taɓa haɗa mu ba.

4. Asalin ƙunshin darasi

Ita ma dabarar ƙunshin darasi tana da tarihinta, kuma sanin sa zai hana mu ɗaukar ta kamar maganin kowace cuta. A shekarun 1920 wani malamin ƙauye a kudancin Faransa, Célestin Freinet, ya haɗa ajinsa na Bar-sur-Loup da ajin René Daniel a yankin Bretagne, yara suka riƙa rubuta wa juna wasiƙu na gaske ana kai wa ta gidan waya. Shi ne kuma ya yaɗa amfani da katunan aiki waɗanda yaro ke bi da kansa, ya duba amsa, ya gyara kuskurensa. Abubuwa biyu ke nan: mai karɓa na gaske, da aiki daki-daki.

Daga baya koyarwa bisa manufa ta zo ta yayyanka kowane darasi zuwa ƙananan manufofi da ake iya aunawa. Wannan ya taimaka wa malami wajen shiri, amma ya kawo wata illa: yaro na iya cin gwajin « inda ake sa kwanan wata » da gwajin « jimlar rufewa » ba tare da ya taɓa rubuta wasiƙa guda cikakkiya ba. Masana Dolz da Noverraz da Schneuwly, a aikinsu na 2001, sun ba da tsarin da ya gyara wannan. A fara da sa yara cikin wani hali da ke buƙatar rubutu. Su yi rubutun farko da abin da suka sani. Malami ya duba inda suka gaza, ya shirya gajerun darussa a kan waɗannan wurare kaɗai. A ƙarshe su sake rubutawa, su gwada na farko da na ƙarshe. A wannan tsari, ƙunshin darasi yana tsakiyar rubutu biyu ne, kuma kuskuren yara ne ke faɗin abin da za a sa a cikinsa.

A Nijar, gyaran manhaja da aka fara gwadawa a makarantu daga 2015, wanda ya dogara ga halayen rayuwa na yau da kullum kuma yake farawa da harsunan ƙasa, ya buɗe wa irin wannan aiki hanya. Buƙatar kuwa a fili take, domin auna ƙwazon ɗalibai da PASEC ta yi a 2014 ya nuna cewa cikin yara 10 da ke ƙarshen firamare a Nijar, ko 1 bai cika ba wanda ya kai matakin da ake so a karatu. Yaron da ke fama da karatun sakin layi guda, ba a fara masa da « haute bienveillance ».

5. Abin da tarihi ke koya wa mai shirya ƙunshi

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da ƙa'idoji huɗu.

Ta farko, a fara da abin da yaro ya zo da shi. Duk yaron Hausa ya taɓa ganin yadda ake shiga gaban mai gari: sallama, gaisuwa, faɗin ko kai ɗan wane ne, faɗin abin da ya kawo ka, godiya, ban kwana. Darasin farko sai ya zama na baka. Yaro ɗaya ya zama mai gari, wani ya zo da buƙata, sauran su lissafa matakan da ya bi. Waɗannan matakai su ne gaɓoɓin wasiƙa. In an rubuta su a allo, sai a nuna abin da takarda ke ƙarawa saboda mai magana ba ya nan: wuri da kwanan wata, suna da adireshi, batun wasiƙa a layi guda, da sa hannu.

Ta biyu, a koyar da ladabi da kayan aikin Hausa. Faransanci yana girmama mutum da « vous » da dogayen jimloli. Hausa tana da nata hanyoyi: laƙabi, kamar « mai girma » ko « ranka ya daɗe », addu'a, kamar « Allah ya ƙara girma », da kuma lamirin nan na « a » wanda ke kauce wa nuna babba da yatsa, kamar « a taimaka a duba » maimakon « ka duba ». Mun lura ɗalibanmu na jami'a da yawa, in aka ce su rubuta takardar roƙo da Hausa, sai su fassara jimlar Faransanci kalma da kalma, abin ya fito ba Hausa ba Faransanci. Wannan ciwo a firamare ya kamata a yi rigakafinsa.

Ta uku, a bayyana bambancin al'adun biyu a fili. A Hausa, wasiƙar da ba gaisuwa rashin kunya ce. A wasiƙar ofis ta Faransanci, tambayar lafiyar iyalin darakta kuskure ne da malami ke ja wa jan layi. Yaron da aka ja wa layin ba tare da bayani ba zai ɗauka tarbiyyar gidansu ce ba daidai ba. Darasi guda ya isa a ajiye takardun biyu gefe da gefe, a nuna cewa gaisuwa tana nan a duka biyun, sai dai ɗaya ta sa ta a farko, ɗaya ta kai ta ƙarshe. A wasiƙar hukuma ta Hausa muna ba da shawarar a tsaya ga layi guda na gaisuwa, sa'an nan « bayan haka », sa'an nan magana.

Ta huɗu, wasiƙar ƙarshe ta tafi wurin mutum na gaske. Abin rubutawa bai yi ƙaranci ba: famfon makaranta da ya lalace, ko ajin zana da ke son gyara kafin iska, ko matsalar nan da kowane darakta ya sani, ta yaran da ke isa aji shida ba su da takardar haihuwa. Ga irin cikin wasiƙar da muke ganin ɗan aji biyar zai iya kaiwa gare shi bayan darussa biyar ko shida:

« Zuwa ga mai girma magajin gari. Gaisuwa da fatan alheri. Bayan haka, mu ne ɗaliban aji biyar na makarantar garinmu. Muna sanar da cewa wasu daga cikinmu ba su da takardar haihuwa, ga shi kuwa baɗi za a nemi takardar wajen rubuta sunayen masu jarrabawa. Muna roƙo a taimaka a turo ma'aikaci ya zo ya bayyana wa iyayenmu hanyar da za su bi. Mun haɗa da sunayen waɗanda abin ya shafa. Allah ya ƙara girma. »

Ko wane ne mu, me ya faru, me muke so, me muka haɗa: tambayoyi huɗu ke nan, kuma su ne cikin da muka ce yara na tsayawa a kansa. Wanda ya iya amsa su da Hausa, in an zo Faransanci kalmomi kawai zai nema. Ya kamata kuma mai shirya ƙunshi ya tuna da halin azuzuwanmu. Ƙunshin da sai kowane yaro ya sami nasa bugaggen kwafi zai ƙare a cikin kabad ɗin mai duba makarantu. Wanda zai rayu shi ne wanda malami ɗaya zai iya gudanarwa da babban allo da alli da ƴan allunan yara, a tanadi farar takarda don rubutun farko da na ƙarshe kawai.

6. Kammalawa

Wani zai ce zamanin wasiƙa ya wuce. Gaskiya ne wayar hannu ta karɓe aikin ɗan aji shida na ƙauye, domin tsohuwa yanzu tana aika muryarta ta WhatsApp ba ta neman kowa. Amma wasiƙar zumunci ce ta ja baya. Mai neman aiki ko fili ko shiga gasar ɗaukar ma'aikata, har yanzu da rubutacciyar takarda yake fuskantar hukuma.

Daɗin daɗawa, kundin sake gina ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan ya sauya matsayin da Faransanci ya riƙe tun 1960. Sai dai tarihin da muka bi ya nuna cewa doka ita kaɗai ba ta sa a rubuta wasiƙa: dokar 1998 ta yi shekaru tana jiran littattafai da malamai. Kafin wasiƙar hukuma ta Hausa ta zama abin yau da kullum, sai an daidaita kalmominta, an horar da malamai a makarantun horon malamai, an kuma sami ma'aikacin da zai karɓi takardar ya amsa ta. Haka nan dole a yi wa yaron da ke jin Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamajak ko Barbarci irin wannan aiki da harshensa, domin hujjar da muka kafa a nan hujjar harshen uwa ce, ta shafi kowa.

Aikin da ya rataya a wuyan sassan nazarin harshe na jami'o'inmu a bayyane yake: tattara tsofaffin wasiƙu na Larabci da ajami da boko da ke hannun gidajen sarauta da na malamai, a fitar da kalmomi da tsare-tsaren da ke cikinsu, a miƙa wa masu shirya manhaja. Alhaji Umaru ya yi wa almajiran zamaninsa irin wannan hidima a 1877. Ɗaliban aji biyar na yau suna da haƙƙin a yi masu kwatankwacinta.